Kwana Uku A Jiddari Polo: Da Ɗan Gari Akan Ci Gari

Tun ran da labarin ambaliyar Maiduguri ya iso mana Kano, wato ran 10 ga watan Satumba na 2024, hankalina bai kwanta ba. Dalili kuwa shi ne, a birnin nan akwai wani dattijo wanda ya riƙe ni shekara huɗu ina yaro, sa'ad da mahaifina ya tura ni gabas karatun allo. Gidansa a unguwar Gwange yake, ba nisa da kogin Ngadda, kuma Gwange na cikin unguwannin da ruwa ya fara ci bayan da madatsar Alau ta fashe. Na buga lambar wayar da nake da ita har na gaji, ba ta shiga. Na yi ta cewa gobe, jibi, har fiye da shekara ta wuce. Da na ga abin yana neman zama abin kunya, sai na tuna maganar mutanenmu cewa zumunci a ƙafa yake, na ɗaure 'yar jakata na nufi tasha.

Abin da zan ba masu karatu labari a nan shi ne yadda na sauka a wani ƙaramin masauki mai araha a unguwar Jiddari Polo, da yadda aka tsara mini ziyarata a can, domin na san akwai jama'a da yawa waɗanda ke da 'yan'uwa ko malamai ko abokan ciniki a Barno, amma tsoro da rashin sanin inda za su sa haƙarƙarinsu sun hana su zuwa.

SAMMAKO

Daga Kano zuwa Maiduguri tafiya ce ta kusan kilomita 600. Motarmu ta tashi ana idar da sallar asuba, muka bi ta Wudil da Shuwarin, muka ratsa Azare, muka ci abinci a Potiskum, rana ba ta yi nisa da tsaka ba muka bar Damaturu. Direban nan bai yarda kowa ya ɓata masa lokaci ba, har wani fasinja ya yi fushi don an hana shi tsayawa cinikin nama. Amma duk wanda ya san hanyar ba zai ga laifin direba ba. Tsakanin Damaturu da Maiduguri akwai Ngamdu da Benisheikh da Mainok da Jakana da Auno, garuruwan da kowannensu ya ɗanɗana kuɗarsa a shekarun rikicin Boko Haram. A Auno ɗin nan ne, ran 9 ga Fabrairu na 2020, matafiya da suka iso bayan an rufe ƙofar shiga birni suka kwana a bakin hanya cikin motocinsu, 'yan ta'adda suka auka musu da dare, aka rasa rayuka akalla 30. Tun daga ran nan direbobin wannan hanya suka ƙara riƙe sammako kamar farilla. Saboda haka shawarata ta farko ga mai niyyar zuwa ita ce, ya tashi da asuba, ya kuma riƙe katin shaidarsa a aljihun gaba, gama za a tambaye shi a shingayen jami'an tsaro ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba.

Muka shiga ta Njimtilo la'asar sakaliya. Abin da ya fara yi mini maraba shi ne itatuwan darbejiya, waɗanda aka jera a bakin titunan birnin tun zamanin Turawa, har yau kuwa su ne rumfar talaka. Na duba ko'ina ban ga ɗan acaɓa ko ɗaya ba, sai na tuna cewa tun cikin Yuli na 2011 gwamnatin jihar ta hana hawa babur a birnin saboda sha'anin tsaro. Keke mai ƙafa uku shi ne abin hawan jama'a.

DAIDAI RUWA DAIDAI TSAKI

A cikin mota na zauna kusa da wani malamin makaranta ɗan garin, na tambaye shi inda mutum mai ƙaramin ƙarfi zai sauka. Ya yi dariya ya ce manyan otal-otal na unguwar Turawa ba nawa ba ne, domin tun da ƙungiyoyin agaji na ƙasashen waje suka cika birnin, kuɗin ɗaki da na hayar gida suka yi tashin gwauron zabo. Ya ce in nufi wajen Polo, akwai ƙananan masaukai masu tsabta waɗanda ba za su tatike ni ba. Shi ya tsayar mini da keke, ya yi wa mai keken kwatance da Barbarci.

Jiddari Polo tana kudancin birnin ne, kusa da Barikin Giwa, a ɓangaren da hanyar Molai da Damboa ta fita. Ta samo rabin sunanta daga filin wasan ƙwallon dawaki da ke wajen. Unguwa ce ta ma'aikata da 'yan kasuwa da masu ƙananan sana'o'i, ga gidajen bulo, ga lunguna masu yashi, ga masallatai ko'ina, ga yara suna tura kurar ruwa.

Masaukin da aka kai ni gida ne mai ɗakuna goma sha wani abu, kewaye da katanga, da bishiyar darbejiya a tsakar gida. Wani saurayi a kan teburi ya karɓi katina ya rubuta sunana da garin da na fito da abin da ya kawo ni cikin wani babban littafi. Kafin in biya na ce a nuna mini ɗakin tukuna, kuma ina roƙon masu karatu su riƙe wannan al'ada. Ɗaki ne madaidaici: gado da katifa, zanen gado wankakke, fanka a sama, tabarmar salla, buta da bokiti a makewayi. Na gwada sakatar ƙofa na ga tana kamawa. Na tambayi ƙa'idar wuta, ya ce in ta gwamnati ta ɗauke sukan tayar da inji daga magariba zuwa tsakar dare, daga nan sai ƙwan fitila mai aiki da hasken rana.

Maganar wuta a Maiduguri tana da tarihi. A cikin Janairu na 2021 'yan ta'adda suka farfasa turakun da ke kawo wuta daga Damaturu, birnin ya yi wata da watanni cikin duhu. Wannan ne ya sa aka gina tashar wuta mai aiki da iskar gas, mai ƙarfin megawat 50, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe a cikin Maris na 2023. Wahalar nan ta koya wa mutanen garin dogaro da hasken rana, shi ya sa za ka ga farantan sola a kan rufin gidaje da shaguna har da masu cajin waya a bakin titi.

Ba zan ɓoye muku ba, daren farko na sha wuya. Injin na mutuwa, fanka ta tsaya, sai sauro suka ce salamu alaikum. Na laluba ban ga gidan sauro ba, ga shi ban zo da nawa ba. Da asuba kuma na murɗa famfo, ko ɗigo. Raina ya ɓaci, na ɗauki buta na fito tsakar gida ina shirin yin faɗa, ina cewa a raina lalle araha ba ta ado.

JIKAN FATOMA

A gindin darbejiyar nan na tarar da mai gadin gidan, wani dattijo Babarbare mai zane a fuska, ya hura gawayi yana dafa shayi. Tun kafin in buɗe baki ya ce, "Lale, lale, Malam. Ka kwana lafiya? Na san sauro sun gaishe ka. Kawo butar." Ya cika mini ita daga randa, ya ce in na dawo daga masallaci zan iske bokiti biyu a ƙofar ɗakina, da dare kuma zai kawo mini gidan sauro. Faɗan da na ɗauko sai ya narke.

Bayan salla na zauna muka sha shayi. Na ce, "Baba, ashe kai ne fatoman gidan nan." Ya yi murmushi ya ce rabon da ya ji wannan kalma a bakin Bahaushe an daɗe. Ga yaran yanzu da ba su san ta ba, fatoma shi ne mai saukar da baƙi a zamanin fatauci, kuma daga Barebari muka aro kalmar, domin a harshensu fato shi ne gida, fatoma kuwa mai gida. Aikin fatoma bai tsaya ga ba da ɗaki ba. Shi ke ajiye wa falke dukiyarsa, shi ke haɗa shi da dillali, shi ke gaya masa wanda zai ba bashi da wanda zai guje wa, in magana ta tashi kuma shi ke tsaya masa a gaban hukuma.

Barno kuwa ta daɗe da sanin darajar masauki. Masana tarihi sun rubuta cewa tun a ƙarni na 13 sarakunan Kanem suka kashe dukiya aka gina wa mutanensu makaranta da masauki a Alƙahira, domin ɗalibai da mahajjata. Daga baya, kafin jirgin sama ya zama ruwan dare, dubban kakanninmu ta Barno suka bi zuwa Makka, suka ratsa Chadi da Sudan har bakin Bahar Maliya, wasu da ƙafa, wasu a kan jakuna, daga baya kuma a manyan motoci. Kowane zango da suka yada, a hannun masu saukar baƙi suka kwana. Na dubi dattijon nan da butar shayinsa, na ga cewa ko da yake yanzu akwai teburi da littafin rajista da rasit, gadon fatoma yana nan a hannun irinsu.

Na tambaye shi lafiyar unguwa. Ya yi shiru kaɗan, sa'an nan ya nuna wajen bariki da haɓarsa. Abin da ya ba ni labari sananne ne ga duk mai bin al'amuran ƙasar nan. Ran 14 ga Maris na 2014 mayaƙan Boko Haram suka kai hari Barikin Giwa, unguwannin da ke kewaye suka wuni cikin ƙarar bindiga. Ran 7 ga Yuni na 2017, cikin watan azumi, suka sake shigowa ta Jiddari Polo da yamma, jama'a suka kwashi 'ya'yansu suka yi cikin gari. Haka kuma aka yi a cikin Afrilu na 2018. Ya ce duk wannan yana nan, kuma kowane karo washegari mutane sukan dawo su share ƙofar gida su buɗe shaguna. "Yanzu alhamdu lillahi, Malam, muna barci. Amma ba mu daina sauraro ba. Kai ma in kana garin nan, ka riƙa sauraro."

YADDA AKA TSARA MINI ZIYARA

Daga nan na gaya masa abin da ya kawo ni, na ce yanzu zan hau keke in tafi Gwange in yi ta tambaya gida gida. Ya girgiza kai. Ya ce a garin da ya ga abin da Maiduguri ta gani, baƙon da ya shiga lungu yana tambayar gidan wane, ba wanda zai ba shi amsa ta gaskiya, wataƙila ma samarin unguwa masu sintiri su tsare shi da tambayoyi. Ya ce kowace unguwa tana da Bulama, wato mai unguwa, sama da shi kuma akwai Lawan, ta hannunsu ake neman mutum. Amma tun da wanda nake nema mahaddaci ne mai rubuta Alƙur'ani, in fara da masu sayar da alluna da tawada da takarda a babbar kasuwa, gama ba Gonin da ba su sani ba. Goni shi ne abin da mu muke kira Gwani.

Sai ya kasa mini kwanakina uku. Ranar farko ta kasuwa da fada, ranar biyu ta neman Malam, ranar uku ta sayen tsaraba da kama hanya. Ya kira wani mai keke da ya yarda da shi, muka yi jinga ta wuni ɗaya tun kafin in hau. Ya kuma yi mini gargaɗi uku: kada in ɗaga waya in ɗauki hoto kusa da bariki ko shingen soja, kada in kai bayan lisha a waje, kada kuma in fita bayan gari ko da wa ya gayyace ni sai na shawarce shi. Na ce ina sha'awar ganin Kukawa, birnin da Shehu Laminu ya kafa a 1814, da kuma ganuwar Rabeh a Dikwa. Ya ce, "Ka bar wa wata shekara. Waɗannan hanyoyi ba a binsu don yawon buɗe ido tukuna."

Muka fita da hantsi. Mai keke ya bi da ni ta Dandal, wato faffaɗan titin nan da ya miƙe har ƙofar fadar Shehu, inda ake hawan salla. Fadar tana nan da jan tubalinta da hasumiyar agogo, ga babban masallacin Juma'a a gefenta. A 1907 ne Shehu Abubakar Garbai ya dawo da gadon sarautar Barno nan, aka sa wa sabon garin suna Yerwa, sunan da 'yan gari suka fi so har gobe. Garin ya zama hedkwatar Jihar Arewa Maso Gabas a 1967, sa'an nan ta Jihar Barno a 1976. Mai martaba Shehu Abubakar Ibn Umar Garbai El-Kanemi, wanda ya hau gadon a 2009, shi ma ruwan 2024 bai bar fadarsa ba. Mai keke ya nuna mini wasu katangu a hanya inda har yanzu ake ganin zanen da ruwan ya bari, wani wurin ya fi tsayin mutum.

Muka wuce ta gaban gidan namun daji na Sanda Kyarimi, wanda aka sa wa sunan Shehun da ya yi sarauta daga 1937 zuwa 1967. Muna yara mukan tara kwabbai mu je kallon zaki da jimina a ranar Alhamis. Hukumar gidan ta ce ambaliyar ta hallaka fiye da kashi 80 cikin 100 na dabbobin. Ban shiga ba, na fi so in bar shi yadda yake a zuciyata.

Kasuwar Litinin kuwa, wadda 'yan gari ke kira Monde Maket, ita ce ta fi ba ni mamaki. Gobara ta cinye ta ran 26 ga Fabrairu na 2023, gwamnatin Farfesa Babagana Umara Zulum ta sake gina ta, ba a daɗe da komawa ba kuma ruwa ya shige ta. Duk da haka na tarar da ita cike maƙil: ga masu lafaya, ga masu turaren wuta da humra waɗanda ƙamshinsu ke tarye ka tun daga nesa, ga masu huluna zanna bukar suna ɗora su a kan gwiwa suna gyara musu kari. Na tambayi layin masu alluna. Mutum na uku da na ambata wa sunan Malam ya ajiye abin da ke hannunsa ya ce ya san shi, yana da rai, amma ya bar Gwange, sai dai in tambayi Bulaman unguwar inda ya koma. Na yi hamdala, na ji kamar an sauke mini dutse daga ka.

SAI YANZU?

Washegari muka je Gwange. Na nemi lungunmu na da, na iske inda zauren karatunmu yake ya zama fili, sai tarin ƙasa da guntayen bulo. Bulama ya karɓe mu da mutunci, da ya ji daga inda na fito da wanda ya aiko ni, ya haɗa mu da wani yaro ya raka mu Bulumkutu, can yammacin gari, gidan babban ɗan Malam.

Na tarar da shi a zaure a kan buzu, ya tsufa ƙwarai, idanunsa sun yi rauni. Na durƙusa na gaishe shi, na faɗi sunana da na mahaifina. Ya kama hannuna ya riƙe, ya daɗe bai saki ba, sa'an nan ya ce, "Sai yanzu?" Ban sami abin cewa ba, sai na ce, "Allah gafarta Malam, na yi laifi." Ya ce ba laifi, wanda ya zo bai makara ba.

Ya ba ni labarin daren ruwan. Ya ce cikin dare suka ji ana buga ƙofofi, kafin gari ya waye ruwa ya kai ƙirji, almajirai suka ɗauke shi a kafaɗa. Alƙur'anan da ya rubuta da hannunsa cikin shekaru masu yawa duk tawadarsu ta bi ruwa, sai guda ɗaya da ya rataya a wuya cikin gafaka. Ya sa aka ɗauko shi aka buɗe mini, na ga rubutun nan na Barno mai kauri, da jan wasali da ɗigon rawaya, irin wanda ya sha dukan hannuna a kansa don in iya. Aka kawo burabusko da miyar kuka da bandar kifin Baga, muka ci tare. Da zan tafi na ajiye ɗan abin da na zo da shi a gefen buzu, ya yi mini addu'a mai tsawo, na karɓi lambar ɗansa na rubuta a wuri biyu.

GA MAI NIYYAR ZUWA

Wanda ke da zaɓi, ya zo tsakanin Nuwamba da Fabrairu, lokacin sanyi, amma ya riƙo bargo. Watannin Maris zuwa Mayu zafi yakan wuce awo 40, ɗaki mai fanka kaɗai kuwa a lokacin nan azaba ne in wuta ta ɗauke. Damina daga Yuni zuwa Satumba take, kuma ko da yake Gwamnatin Tarayya ta fara aikin sake gina madatsar Alau a 2025, mai sauka a ƙarshen damina ya kyautu ya tambayi yadda unguwar da zai kwana take da ruwa. Ya zo da gidan sauronsa da tocila da katin shaida da 'yan kuɗi a hannu. Ya ga ɗaki kafin ya biya, ya tambayi ƙa'idar wuta da ruwa, ya kuma saurari labarin hanya kwana ɗaya kafin ya tashi, domin har yanzu akan sami hari jefi-jefi a jihar. Mai hali kuma akwai jirgin sama daga Abuja.

Fiye da duk waɗannan, ya nemi dattijon gidan da ya sauka ya gaishe shi da ladabi, ya gaya masa abin da ya kawo shi. Na biya kuɗin gado da fanka a kan teburi aka ba ni rasit, amma abin da ya kai ni gaban Malam ba ya cikin rasit ɗin.

Ran da zan tafi, tun kafin kiran assalatu Baba ya ƙwanƙwasa mini ƙofa don kada in rasa motar farko. Na ba shi ɗan goro ya ƙi karɓa, sai da na haɗa shi da Allah. Ya raka ni bakin titi, ya tsayar da keke, ya ce in na iso Damaturu in buga wa yaron teburi waya don hankalinsa ya kwanta. Na kuwa buga.

Allah Ya zaunar da Barno lafiya, Ya mayar wa waɗanda suka yi hasara da alheri, Ya kuma ba mu ikon sada zumunci tun masu jiranmu suna da rai, amin.